Jan Biro a Gefen Dandamalin Dambe

Juma'a, 6 ga Satumba

Mun iso. Ɗakin otal ƙarami, gadaje biyu, taga ɗaya mai kallon bayan wani gini, da na'urar sanyaya ɗaki mai tari irin na tsofaffi. Auta, ƙanwata, ta ɗauki gadon bakin ƙofa, ta jera safofin dambenta a kan matashi kamar tagwayen jarirai. Ni ta bar min tebur. Na ɗora damin takardun jarrabawar ɗalibaina, na ajiye jan biro a kai, ɗakin ya fara kama da wurin mutane.

Bari in rubuta don in riƙa tunawa: ni, malamar jami'a mai koyar da kimiyyar ƙasar noma, na tako har nan don gasar damben nahiya, maza da mata. Ba 'yan damben kuɗi ba ne, masu yi don sha'awa ne. Wato kyauta ake dukansu.

Umma ce ta turo ni. Sharuɗɗanta biyu. Na farko, Auta ba ta zuwa ko'ina sai da ni. Na biyu, in ta dawo da lamba a wuya, Umma ta kama bakinta har abada. In ta dawo haka nan, a rataye safar nan, ta koma makarantar koyon jinya da ta ajiye. Auta ta amince, har da rantsuwa, kuma Auta ba ta karya rantsuwa. Ni ban ce komai ba ranar, wanda a gidanmu ma'anarsa ina bayan Umma.

A bakin mota Umma ta riƙo gefen mayafina. “In kin ga jini, ki tsayar.” Kamar motar tasi.

Asabar, 7 ga Satumba

Awon nauyi da safe. Dogon layi na matasa masu yunwa, kowa da kwalbar ruwan da ba zai sha ba sai ya sauko daga sikeli. Ban taɓa ganin mutane masu ƙarfi haka suna tsoron abu ɗan ƙarami haka ba. Auta ta hau, ta riƙe numfashi kamar shi ma yana da nauyi, ta sauko tana dariya. Ta cinye ayaba uku a tsaye.

Kocinsu gajere ne, hancinsa ya karkata hagu, sai ka ga kamar kullum yana shirin shan kwana. Yana ce min Dakta. Na ce masa ni ba likita ba ce, ƙasa nake karanta. Ya ce, “To ai nan ma ƙasa ake kai mutum, Dakta.” Ya yi dariya shi kaɗai har da dafa bango. Ina jin ya daɗe yana jiran wanda zai gaya wa.

Ya yi min bayanin jadawali. Sai Auta ta ci wasa uku kafin ta kai na kusa da na ƙarshe. Duk wadda ta kai can ta sami tagulla, ko da an doke ta. Na ce wannan tsari ne mai kyau, a ba mutum lambar yabo ranar da ya faɗi. Ɗalibaina za su so shi.

Akwai wani cikin mazan, mai nauyin ajin ƙarshe, suna ce masa Tanka. Ƙofar ɗakin cin abinci da kyar take ɗaukarsa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, “Yaya, an zo lafiya?” Tsoron lif yake yi, matakala yake bi har hawa na shida.

Lahadi, 8 ga Satumba

Wasan farko.

Zauren yana warin man zafi da roba. Fitilu a saman dandamali kamar ɗakin tiyata. Alƙalai biyar a zagaye, kowanne da fuskar wanda aka tilasta wa zuwa. Alƙalin tsakiya cikin fararen kaya, da ɗan ƙaramin lakatayi, kamar zai kawo shayi. Na sami kujera a layi na uku, daidai bayan kusurwar ja, wato ta Auta, na buɗe takarduna.

Abin mamaki, duba jarrabawa yana sauri a cikin hayaniya. Na gama takarda bakwai. Sau biyu na ɗago. Na farko na ga yarinyar da na yi wa wanka, na koya wa ɗaura takalmi, sanye da hular kariya, bakinta cike da robar haƙori, tana bin 'yar mutane da naushi cikin natsuwar mai shanya. Na biyu na ga an ɗaga hannunta.

Umma a waya: “Fuskarta fa?”

“Tana nan inda kika bar ta.”

“Waccan fa, 'yar mutane?”

“Ita ma ta tafi da tata.”

Ta ce Allah ya kyauta, ta kashe. Ba ta tambayi wa ya ci ba. Ta san da an ci Auta da na fara da shi.

Litinin, 9 ga Satumba

Ba wasan Auta yau. Auta ta yi barci kamar an biya ta. An fitar da Tanka a wasansa na farko; ya ci shinkafa faranti uku, ya ce dama yunwa ce ta kayar da shi.

Talata, 10 ga Satumba

Na yi abin kunya, bari in rubuta shi yadda ya faru tun bai gyaru a kaina ba.

Abokiyar karawar yau 'yar gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tana shigowa da kai ƙasa kamar mai neman abin da ya faɗi. Na zauna wurina, na buɗe takardu. Sai dai jiya, don rashin abin yi, na tsaya kallon horo, na ji Koci yana ta nanata wa Auta abu ɗaya: in ta kai naushin dama, hannun hagu yana sauka daga kunci. Ilimi kaɗan masifa ne, kullum ina gaya wa ɗalibai. A zagaye na biyu na ɗago, na ga hagun nan ya sauka har ƙirji, na ga gajeriyar ta gani.

Ban san lokacin da na miƙe ba. “Ke Auta!”

Da wace murya? Da muryar da nake kiranta in ta bar famfo a buɗe. Muryar da ta taso da ita tun Umma tana fita aiki ta bar min ita.

Yarinyar nan, a tsakiyar dandamali, gaban alƙalai biyar da nahiya guda, ta juyo. Ta sauke hannu biyu, ta juyo gaba ɗaya, kuma na rantse na ga bakinta ya yi “na'am” ta bayan robar.

Ƙarar naushin har layi na uku. Ba ta faɗi ba, igiya ta tare ta. Alƙali ya tsaya gabanta yana ƙirga mata da yatsu har takwas, yana leƙa idonta. Ni ina tsaye, takardu sun zube a ƙasa, wani bawan Allah yana tsince min.

Ta ci wasan, amma da kyar: alƙalai uku nata, biyu na waccan. Da ɗaya ya yi atishawa a lokacin da bai dace ba, da yanzu muna haɗa kaya, kuma ni ce na rataye mata safar da bakina.

Koci bai yi faɗa ba, wanda ya fi muni. Ya zo ya tsaya, ya cire hularsa. “Dakta, shekara huɗu ina koya mata kar ta ji kowa a can sama sai ni. Ihun mutum dubu ba ta ji. Ke kalma biyu.” Ya mayar da hular. “Tarbiyya ta yi kyau. Amma don Allah daga gobe ki zauna a otal.”

Na ce to.

Auta tana da kumburi ƙarƙashin idon dama, tana riƙe da ƙanƙara a tawul. Abin da ta ce kawai, “Yaya, na ɗauka wani abu ne ya faru a gida.”

Na gaya wa Umma an ci. Ban ba da cikakken rahoto ba.

Laraba, 11 ga Satumba

Da safe na zauna a ɗaki kamar yadda aka umarta. Shiru, tebur, shayi, duk abin da nake cewa ina so. Takarda ɗaya na duba, ita ma sai da na karanta ta sau biyu.

Wajen azahar aka ƙwanƙwasa. Koci ne, Auta a bayansa tana kallon silifas ɗinta.

“Dakta, mun shiga uku,” in ji shi. Wai a horon yau ba ta yi komai ba. Yana ɗaga mata tafi ta daka, ita tana kallon ƙofa. Sau biyu ya taɓa mata kunci da tafin, abin da ko ɗan koyo ba a yi wa. “Kina nan matsala, ba kya nan matsala. Ku yi magana, ni zan je in sha magani.”

Ya tafi. Ta zauna bakin gado tana warware bandejin hannunta, tana naɗe shi, tana sake warwarewa.

Na ce ta yi haƙuri da jiya. Ta ce ba wannan ba ne. Sai ta faɗi abin da ban taɓa sani ba, a shekara ashirin da biyu da muka yi tare. Wai tun tana ƙarama, in an yi tsawa, ko Baba yana faɗa, ko lokacin da yake kwance asibiti, ni take kallo. “In na ga kina karatu, to babu komai. In kin rufe littafi, to akwai.” Wai ranar Lahadi duk hutun zagaye, Koci yana zuba mata ruwa yana magana, ita tana leƙo ni ta ƙarƙashin hannunsa. “Na ga kina ja wa wani layi, fuskarki a murtuke, na ce shi ke nan, duniya lafiya.”

Ni da nake ɗauka rashin kulawata ce nake nunawa, cikin tsari da mutunci. Ashe aiki nake yi wa ƙungiya.

Na ce to me ake so in yi?

“Ki zo. Ki zauna wurinki. Ki duba jarrabawarki. Kar ki ɗago, kar ki yi magana.”

“Ko da me?”

“Ko da me, Yaya.”

Na ce wannan ai shi ne abin da na fi iyawa a duniya. Ta dube ni da ido ɗaya da rabi. Yarinyar ta fara raina mutane.

Gobe ne na ukun. In ta ci, tagulla ta tabbata. In ba ta ci ba, makarantar jinya, farin kaya, da auna zafin jikin mutane. Sana'a ce mai kyau. Na faɗa sau da yawa.

Alhamis, 12 ga Satumba

Layi na uku, bayan kusurwar ja. Koci ya sa Tanka ya zauna kusa da ni, wai don ya ba ni labari. Ina jin an kuma ce masa in na miƙe ya zaunar da ni.

Na zaɓi takardar wani ɗalibi mai manyan haruffa, tambaya a kan zaizayar ƙasa. Na buɗe, na cire murfin biro, na ɗaure fuska.

Ban ga wasan nan ba. Ina so in rubuta wannan a sarari, ko don tarihi. Na ga takalman mutumin da ke gabana, na ga “ruwan sama yana kwashe ƙasa ta sama” an rubuta shi sau uku ta hanya uku don a cika shafi. Sauran duk da kunne ne: ƙararrawa, shaf-shaf ɗin takalma a kan shimfiɗa, numfashi ta hanci, da ƙarar safa iri biyu. Akwai ta kan safa, busasshiya. Akwai ta kan mutum. Ban san na iya bambancewa ba sai yau.

Tanka yana magana ta gefen baki kamar mai satar amsa. “Waccan bahaguwa ce, Yaya, doguwa. Kar ki ɗago. Auta ta sha ɗaya. Ta sha biyu. Ta rama. A'a, ba ta kai ba.”

Zagaye na farko na waccan ne. Da aka buga ƙararrawa ya ce, “Tana kallo.” Na juya shafi a hankali, na ja layi ƙarƙashin wata kalma da ba ta yi laifin komai ba, na girgiza kai irin na malamin da ɗalibi ya ba kunya. Ban taɓa yin wasan kwaikwayo ba, amma ina ganin da an ba ni maki.

Zagaye na biyu hayaniya ta canja gefe. Tanka ya fara dukan gwiwarsa, kujerunmu duka suna rawa. “Ciki take bi! Haka! Ta gano ta, wallahi ta gano ta!” Na ce masa ya rage murya ina aiki.

A na uku ya yi shiru. Shirun ya fi komai. Na ce, ban ɗago ba, “Me ya faru?”

“Jini ne kaɗan.”

“Na wa?”

“Hanci. Na Auta.” Aka tsayar, likita ya hau ya duba. Zauren ya yi tsit, har ina jin ƙarar fitilu. Tanka ya ce, can ƙasa, “Yaya, ke take kallo. Ba ta ma kallon likitan.”

Wuyana kamar an ɗaura masa igiya ana ja sama. Na tuna mayafina a hannun Umma. Na lashi yatsa, na juya shafi.

Umma ta ce in na ga jini in tsayar. Ban gani ba.

Aka ci gaba. Abin da ya biyo baya ban iya tsara shi ba: ihu, Koci yana kiran “hagu, hagu” har muryarsa ta fashe, Tanka ya miƙe ya manta da ni gaba ɗaya. Ƙararrawa. Sai dogon jiran nan, alƙali riƙe da hannayensu biyu. Na ji an ce kusurwar ja.

Sannan na ɗago. Tana tsaye, auduga a hanci, hannu a sama, tana nemana. Na ɗaga mata biro kaɗan. Ya isa.

Da muka koma ɗaki na duba takardar yaron nan. Biro ya huda shafi biyu. A gefe, daga sama har ƙasa, da rubutuna, an rubuta “ɗaga hagu” ban san sau nawa ba. Kuma na ba shi tara cikin goma a tambayar da bai amsa ba.

Na bar masa. Ya yi aiki shi ma.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na gaya wa Umma. Ta ce, “Tagulla ita ce ta nawa?” Na ce ta uku. Ta ce, “To waɗanda suka zo na ɗaya da na biyu 'ya'yan waye?” Wannan matar da ta ce a rataye safa.

Ta tambayi fuska. Na ce hancin ya ɗan ƙara girma, amma dama irin na dangin Baba ne, ba wanda zai lura.

Asabar, 14 ga Satumba

An doke Auta a na kusa da na ƙarshe, alƙalai biyar duka. Wadda ta doke ta ta fi ta komai, har ni da ba na kallo na ji hakan. Ta sauko tana dariya, ta ce, “Yaya, kin ga ƙafarta? Kamar ba ta taka ƙasa.” Na ce ban gani ba, ina aiki. Ta ce shekara mai zuwa za ta kama ta.

Sun rungume juna bayan wasan, su biyun, kamar waɗanda suka daɗe ba su haɗu ba. Na shekara goma sha biyar ina zaman taron sashe a jami'a, inda ba a taɓa kowa, ban taɓa ganin an tashi da ƙauna haka ba.

Lahadi, 15 ga Satumba

An rataya mata. Lambar ta fi yadda na zata nauyi, kuma ba ta da kyau sosai. Koci ya yi kuka, ya ce man zafi ne ya shiga idonsa. Tanka ya ɗauki hoto, rabin hoton babban yatsansa ne.

Na gama takardu duka. Ban taɓa gamawa kafin wa'adi ba.

Laraba, 25 ga Satumba

Gida, aiki, komai yadda yake. Umma ta rataye lambar a falo, a ƙusar da agogo yake, agogon kuma ya koma ɗakin girki. Duk baƙon da ya shigo sai ta ce ita dai ba ta son abin nan, sannan ta sauko da ita a taɓa.

Yau yaron nan mai manyan haruffa ya zo ofis da takardarsa, yana murna yana tsoro. Ya gode da makin. Sai ya nuna gefen shafi. “Malama, wannan gyaran ne ban gane ba. Wane hagun zan ɗaga?”

Na ce ya je ya yi tunani, ba komai ake tauna wa ɗalibi ba.

Koci ya kira Auta, wai akwai wata gasa a watan Maris. Na tambayi ranakun, don kawai lokacin ya yi daidai da jarrabawar zango, kuma na lura aikina ya fi sauri a can. Babu wani dalili.

Da yamma ina juya miya, Auta ta shigo ɗaukar ruwa, ta tsaya tana kallona. Na ce lafiya? Ta nuna ni da haɓa. Hannuna na dama yana kan ludayi. Na hagu yana manne da kuncina, a dunƙule.

Na ce haƙori ne yake min ciwo.

Ta ce, “Sannu, Yaya. Ki ɗan matso da gwiwar hannun ciki.”

Na matso da ita.